Jinin da ke yawo a jikinmu, wanda ba mu san shi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a shafin wasiƙu mu yi magana a kan jini, mu da aikinmu shi ne ɗibarsa, gwada shi, adana shi da ɗaura shi ga marasa lafiya. Bakin Bahaushe ba ya rabuwa da zancen jini: wane yana da farin jini, wance baƙin jini gare ta, jinin su wane ya haɗu, wani kuma ya sha jinin jikinsa. Amma ka tambayi mutum lita nawa ne a jikinsa, ko mene ne rukunin jininsa, ko me ya sa likita ya hana miji bai wa matarsa jini, sai ka ji shiru. Wannan rashin sanin yana damun mu ƙwarai, domin sau da yawa da rai ake biyan sa.

Babban mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da jini kimanin lita 5, wato kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na nauyinsa. Jariri sabon haihuwa mai kilo 3 kuwa, jininsa gaba ɗaya bai wuce mililita 250 ba, cikin kofi ɗaya. Don haka babban cokali uku na jini da ya tsiyaye daga cibiyar da ba a ɗaure da kyau ba, wanda babba ba zai ko kula da shi ba, ga jariri kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na duk abin da yake da shi. Zuciya tana tura kusan lita 5 a minti ɗaya ko mutum yana kwance, ke nan duk jinin jiki yana zagayowa cikin minti guda. Ibn al-Nafis, likitan da aka haifa a Sham ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya fara bayyana cewa jini yana bi ta huhu ne kafin ya koma ɓangaren hagu na zuciya. William Harvey na Ingila ya kawo cikakken bayanin zagayen a 1628.

In aka zuba jini a kwalbar gwaji mai maganin hana daskarewa, aka sa a injin juyawa na 'yan mintuna, sai ya rabu gida uku a gaban idonka. Sama ruwa ne garau mai launin rawaya, shi ake kira filasma, kimanin kashi 55 cikin 100 na jinin, kuma fiye da kashi 90 na shi kansa ruwa ne zalla, sauran gishiri, sukari, furotin da garkuwar jiki. Ƙasa jajayen ƙwayoyi ne sun kwanta, kusan kashi 45. A tsakani akwai wani siririn layi fari-fari da bai kai kashi ɗaya ba, nan fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta da ƙananan ƙwayoyin daskarar da jini suke. Lambar nan ta PCV da ake rubuta wa mai ciki a kati, tsayin jan ɓangaren nan ne idan an gwada shi da tsayin jinin duka.

Jan ƙwayar jini abar al'ajabi ce. A ɗigon jini mai girman milimita ɗaya ta kowace fuska akwai su kimanin miliyan 5, a jiki duka kuma wajen tiriliyan 25. Siffarta kamar faifai ce mai loɓawa a tsakiya ta fuska biyu, kuma tun kafin ta fito daga ɓargo take zubar da cibiyarta, wato ƙullin tsakiya da ke sarrafa ƙwaya, don ta samu wurin cusa himogulobin, jan furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin, kusan miliyan 270 a cikin kowace ƙwaya. Rashin cibiyar ne ke ba ta damar lanƙwashewa ta kutsa cikin jijiyoyin da suka fi ta sirantaka, amma shi ne kuma ke hana ta gyara kanta. Kwana 120 take yi ta tsufa. Don cike gurbi, ɓargo yana fitar da sababbi sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, dare da rana. Jinin da ke jikin mai karatu yau, in dai jajayen ƙwayoyi ake nufi, wata huɗu da suka wuce babu shi.

Tsofaffin ƙwayoyin saifa ce da hanta ke tsince su su farfasa, kuma jiki ba ya wasa da sinadarin ƙarfen da ke cikinsu. Duk ƙarfen da ke jikin babba giram 3 ne zuwa 4, kusan kashi biyu cikin uku yana cikin jini. Ɓargo yana buƙatar miligiram 20 zuwa 25 kullum, amma hanji ba ya tsotso fiye da miligiram 1 zuwa 2 daga abinci; sauran duk daga tsofaffin ƙwayoyi ake kwance shi a sake amfani da shi. Abin da ya rage na himogulobin yana zama wani sinadari rawaya, hanta ta zuba shi cikin ruwan matsarmama, shi ke ba bayan gida da fitsari launinsu. In ƙwayoyi suna fashewa da yawa, ko hanta ta gaza, ko hanyar matsarmama ta toshe, sinadarin ya taru, ido ya yi rawaya, a ce shawara ce. Ke nan shawara alama ce mai tushe uku, kowanne da maganinsa daban. Umarnin ƙera jajayen ƙwayoyi kuma daga ƙoda yake fitowa: in ta ji iskar oksijin ta yi ƙasa, sai ta saki wani sinadari da ke zaburar da ɓargo. Dalilin da ya sa mai ciwon ƙoda ba ya rabuwa da ƙarancin jini ke nan.

Kalmar ƙarancin jini kanta tana rikita mutane. Yawanci litar jinin tana nan yadda take, himogulobin ne ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a giram 13 cikin kowace desilita, wato mililita 100 na jini, ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki. Haka hawan jini ba yawan jini ba ne, ƙarfin matsin da jini ke yi wa bangon jijiya ne, kuma mutum zai iya haɗa hawan jini da ƙarancin jini a lokaci guda. Abin da muke so a riƙe shi ne ƙarancin jini kullum yana da dalili: ko ɓargo ba ya samun kayan aiki, ko ƙwayoyin suna fashewa kafin lokacinsu kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ke yi, ko akwai inda jini ke yoyo. Babban namiji ko macen da ta daina al'ada da aka samu da ƙarancin ƙarfe, wajibi ne a binciki cikinsu da hanjinsu, domin gyambon ciki ko ciwon daji na hanji suna iya zubar da jini kaɗan-kaɗan na watanni ba a gani. Shan maganin ƙarin jini ba tare da neman inda yake zuba ba, zuba ruwa ne a kwando.

Jini ja ne a ko'ina, ko a jijiyoyin da ake gani shuɗi-shuɗi a bayan hannu. Fata ce ke sauya hasken. Wanda ya taso daga huhu ja ne jawur, wanda ke komawa zuciya ja ne mai duhu. Akwai jan da ke yaudara, kuma yana kisa. Hayaƙin janareta ko garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana manne wa himogulobin fiye da oksijin sau sama da 200. Jinin wanda ya shaƙe ta yana nan ja fes, ƙaramar na'urar da ake maƙala wa a yatsa ma za ta iya nuna komai lafiya, alhali ƙwaƙwalwa tana mutuwa don rashin iska. Ciwon kai, jiri da amai ga mutane da yawa a ɗaki ɗaya su ne alamar. A fitar da su sarari nan take, a kai su inda za a sa musu oksijin.

Daskarewar jini aiki ne mai hawa-hawa. Da jijiya ta yanke sai ta tsuke bakinta, ƙananan ƙwayoyin daskarewa su taru su liƙe wurin, sannan furotin sama da goma da ke narke a filasma su tayar da juna ɗaya bayan ɗaya, har a saƙa zare mai kama da raga ya riƙe gudan jinin. Hanta ce ke ƙera yawancin waɗannan furotin, huɗu daga ciki sai da bitamin K, shi ya sa ake yi wa jarirai allurarsa ranar haihuwa, kuma shi ya sa mai ciwon hanta mai tsanani jini ke yi masa wuyar tsayawa. Wanda ya yanke, a danne wurin da tsaftataccen ƙyalle da ƙarfi na minti 10 cur, kada a ɗaga a leƙa, domin kowane leƙe yana yage ragar da ta fara haɗuwa. In ƙyallen ya jiƙe a ɗora wani a kai. Ƙwayar asfirin ɗaya tana kashe aikin ƙwayoyin daskarewa har ƙarshen rayuwarsu, kwana 7 zuwa 10, don haka mai shan ta ya faɗa wa likita kafin tiyata ko cire haƙori. Yaron da jini ya ƙi tsaya masa bayan ƙaramin yanka, ko gwiwarsa ke kumbura daga ɗan bugu, a gwada shi; akwai ciwon gado na rashin furotin ɗin daskarewa na 8 ko na 9, yana bi ta wajen uwa yana bayyana ga maza.

Zubar jini mai yawa ma tana da nata ɓoyon. Lafiyayyen matashi zai iya rasa kusan lita ɗaya da rabi kafin matsin jininsa ya faɗi, domin jiki yana tsuke jijiyoyi yana hanzarta zuciya don ya rufe asarar. Alamun farko su ne bugun zuciya da sauri, sanyin tafin hannu, gumi, ƙishirwa da rashin natsuwa. Gwajin himogulobin a sa'ar farko ma zai iya fitowa daidai, tunda jinin da ya rage bai tsinke ba tukuna. Ga mai haihuwa abin ya fi sauri: a ƙarshen ciki sama da rabin lita na jini ke bi ta mahaifa a kowane minti, in mahaifa ba ta tsuke ba bayan mabiyiya ta fita, mace za ta iya ƙarewa cikin ƙanƙanin lokaci. Zubar da ta kai mililita 500 bayan haihuwa ta riga ta shiga sahun gaggawa.

Ƙarin jini kuwa caca ne kafin 1901, shekarar da Karl Landsteiner ya nuna a birnin Biyena cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne. Ya gauraya ƙwayoyin wani da ruwan jinin wani, ya ga wasu suna curewa wasu ba sa curewa. A bayan jan ƙwaya akwai alama: wani A, wani B, wani duka biyun, wani kuma babu ko ɗaya, shi ne O. Abin mamakin shi ne tun cikin watannin farko na rayuwa jiki yake tanadar garkuwa a kan alamar da ba shi da ita, ko bai taɓa karɓar jinin kowa ba. In aka ɗaura wa mai O jinin A, garkuwar nan za ta farfasa baƙin ƙwayoyin a cikin jijiya: zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon baya, fitsari ya koma baƙi-baƙi, ƙoda ta tsaya. 'Yan mililita kaɗan sun isa su tayar da wannan.

Irin wannan kuskuren yawanci ba daga injin gwaji yake zuwa ba, daga alƙalami ne. An ɗebi jinin wani an rubuta sunan wani, ko an ɗauko leda an ɗaura wa na gadon kusa. Ƙa'idar ita ce a rubuta suna da lamba a jikin kwalba a gefen gadon mara lafiya kafin a ɗaga ƙafa, a gauraya jininsa da na ledar a ɗakin gwaji a tabbatar ba su cure ba, sannan ma'aikata biyu su karanta suna, lamba, rukuni da ranar lalacewa a gabansa. A fara ɗaurawa cikin minti 30 da fito da leda daga firij, a gama cikin sa'a 4, a tsaya a kansa minti 15 na farko. Mai jinya yana da haƙƙin ya ce a karanta masa abin da ke jikin ledar, kuma in ya ga rawar sanyi ya ta da murya a tsayar. Leda ɗaya tana ɗaga himogulobin na babba da kusan giram ɗaya ne kacal.

Ana cewa mai O negatif yana bai wa kowa, kuma gaskiya ne a jajayen ƙwayoyi lokacin gaggawa. A filasma kuwa lissafin juyewa yake, mai AB ne ke bai wa kowa. Tsarin rukunin jini da aka sani ya haura 40. A 1952 aka gano wani a Bombay ta Indiya wanda gwaji na yau da kullum ke nuna shi O, amma ko jinin O bai karɓa, sai na irinsa. Ta fuskar gado, uba mai A da uwa mai B za su iya haifar A, B, AB ko O, saboda haka kada wani ya zargi matarsa don rukunin ɗa ya saɓa da nasa. Jinin dangi na kusa kuma bai fi na bare aminci ba: fararen ƙwayoyin ɗan'uwa suna iya sajewa su zauna a jikin mara lafiya su yaƙe shi, abu ne da ba ya yawan faruwa amma kusan ba a tsira daga gare shi. Miji ma ba a so ya bai wa matarsa mai sauran haihuwa, domin jikinta zai iya yin garkuwa a kan alamomin jininsa, waɗanda 'ya'yansa za su gada.

Wannan ya kawo mu ga Rh, wato fozitif da negatif da ake liƙa wa rukuni, wanda Landsteiner da Alexander Wiener suka bayyana a 1940. Mace mai negatif da ta ɗauki cikin ɗa mai fozitif, galibi na fari lafiya yake zuwa. Amma wajen haihuwa, ko ɓari, ko zubar jini a cikin ciki, ɗan jinin jaririn yana shiga nata, jikinta ya haddace shi a matsayin abokin gaba. A ciki na gaba garkuwarta za ta ratsa mabiyiya ta riƙa farfasa jinin ɗan tayi: a haife shi da shawara mai tsanani da ke taɓa ƙwaƙwalwa, ko a kumbure, ko babu rai. Rigakafin allura ce da ake kira anti-D, ana yin ta wajen mako na 28 na ciki, a sake cikin sa'a 72 bayan haihuwa in jaririn fozitif ne, haka ma bayan ɓari. In garkuwar ta riga ta kafu, allurar ba ta warware ta. Yana ci mana rai mu ga mace ta binne 'ya'ya biyu ko uku a jere a kan abin da gwajin minti biyar a awon farko zai nuna.

Rukunin jini daban, jinotaif daban, kuma ana yawan haɗa su. Rukuni alamar bayan ƙwaya ne, jinotaif irin himogulobin ɗin da ke cikinta. A ciwon sikila, tubali ɗaya tak ne ya sauya, na shida a wata sarƙar furotin ta himogulobin mai tubali 146. In oksijin ya yi ƙasa sai himogulobin ya sandare, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Mai AS, wato wanda ya gaji S na sikila daga ɗaya cikin iyaye kawai, lafiyarsa ƙalau, har yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, dalilin da ya sa wannan gadon ya yawaita a ƙasashen da sauro ya yi katutu. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu na zama SS, wato mai ciwon sikila, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki. Babu wani tsari da ya ce in na fari ya kamu sauran ukun sun tsira. Akwai kuma AC, wanda in ya haɗu da AS ana iya samun SC, shi ma nau'in sikila ne. Jaririn SS yakan yi lafiya a watannin farko saboda irin himogulobin ɗin da yake da shi tun yana cikin uwa bai ƙare masa ba, sai wajen wata shida hannuwa da ƙafafu su fara kumbura. Gwajin da ke cewa akwai sikila ko babu kawai bai bambanta AS da SS, a nemi wanda ke rarrabe nau'in himogulobin. Wanda aka ƙara wa jini kuma ya jira wata uku, in ba haka ba jinin mai bayarwa za a karanta masa.

Duk da ci gaban kimiyya, har yau babu masana'antar da ke ƙera jinin da za a ɗaura wa mutum. Daga hannun wani yake fitowa. Ana ɗibar mililita 450 cikin kamar minti 10, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na jinin babba. Ruwan yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, jajayen ƙwayoyi cikin mako 4 zuwa 6, ƙarfen da ya tafi da su, miligiram 200 zuwa 250, shi ne ke ɗaukar watanni, don haka ake sa tazarar kusan wata uku ga maza da huɗu ga mata. Ana son mai bayarwa ya kai kilo 50, a gwada himogulobin ɗinsa, a tantance ledar daga ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Tambayoyin da ake yi masa kafin allura suna da nauyi kamar gwajin, domin cutar da aka ɗauka kwanan nan tana iya ɓoye wa na'ura. Ya faɗi gaskiya. Leda ɗaya ana raba ta uku. Jajayen ƙwayoyi suna zama a sanyin digiri 2 zuwa 6 na kwana 35 zuwa 42. Filasma ana mayar da shi ƙanƙara ya shekara. Ƙwayoyin daskarewa kuwa ba sa son firij, a digiri 20 zuwa 24 ake ajiye su ana girgiza su a hankali, kuma kwana 5 zuwa 7 suke yi a zubar. Mai niyyar bayarwa ya ci abinci ya sha ruwa sosai kafin ya zo, bayan an cire allura ya danne wurin minti biyar hannu a miƙe, ya zauna kwata ɗin sa'a, ya bar ɗaukar kaya mai nauyi sai gobe.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan ɗakin gwaji da ajiyar jini